Yadda zaka tattara tarihin makabartar ƙauyenku tun masu sani suna raye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a Aboabo aka haife ni nan Kumasi, kuma duk wanda ya rasu a gidanmu tun da nayi wayo makabartar Tafo muke kai shi, amma kakana na wajen uba ba can yake ba, yana kwance ne a wani ɗan zango a hanyar Offinso inda ya zauna yana sayen goro a hannun manoma. Bara kafin azumi Baba yace in raka shi ziyara, muka hau mota a Kejetia muka je, wallahi da muka isa ciyawar acampong ta rufe wajen har ta fi ƙuguna, ta gefen yamma kuma wani ya riga ya jera bulo ya fara fandesho. Baba ya zaga ya zaga yana neman wani mangwaro da yace a gindinsa aka sa mahaifinsa, mangwaron babu shi an sare tuntuni. Sai kawai ya tsaya a bakin hanya ya ɗaga hannu yayi addu'a ga kowa da kowa, har muka dawo gida bai ce min uffan ba. Wannan shirun nashi shi ya sa ni wannan aiki, kuma abinda na koya a ciki shi nake so in baku, don na san ba mu kaɗai bane, zangunan ƙauye irin wannan suna nan birjik ta Ejura da Mampong da Konongo da Tepa da Bekwai.

Ka fara gane me yasa irin waɗannan makabartu suke ɓacewa da sauri. Mu kabarinmu ƙasa ce kawai ake tarawa, ba siminti ba hoto, damina biyu uku a wannan kurmin namu tudun ya kwanta. Filin kuma yawanci da baki aka bada shi, sarkin ƙauye ya nuna wa kakanni yace daga wancan icen zuwa rafi ku riƙa bizne mutanenku, aka yi godiya aka tashi. Sannan ga 1969, a watan Nuwamba gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi marasa takardar zama ta basu sati biyu, gidaje da yawa suka kwashe suka koma Najeriya da Nijar da ƙasar Mosi suka bar iyayensu a ƙasa ba mai cewa ga kabarin wane. Waɗanda suka rage 'ya'yansu sun dawo birni. Toh tarihin yanzu yana kan mutum uku ko huɗu ne a kowane ƙauye, kuma dukkansu sun tsufa.

Kada ka sauka daga mota ka nufi makabarta da waya a hannu kana ɗaukar hoto, za a ɗauka ko ɗan galamse ne, mai haƙar zinari ba izini, ya zo leƙen fili ko mai neman wani abu a kabari, kuma in aka fara yi maka wannan kallon aikinka ya lalace tun ba a je ko'ina ba. Masallaci zaka fara, kayi sallah da jama'a, ka gaida liman ka faɗi ɗan gidan waye kai, shi zai kai ka wajen Sarkin Zango. Ka riƙe goro mai kyau da ɗan abin sadaka daidai ƙarfinka. Sarkin Zango ne zai shige maka gaba zuwa wajen odikro, sarkin ƙauyen na Tonawa wato Asante, kuma a can ba kai tsaye ake magana da Nana wato sarkin ba, ta bakin ociyame mai magana da yawunsa ake bi, in kana da hula ko takalmi ka kalli yadda Sarkin Zango yayi kayi haka. Ni a ganina wannan ziyarar ta fi komai muhimmanci, don dattawan fadar sau da yawa sun san wane Nana ne ya bada filin da kuma inda iyaka ta tsaya, kuma in da bakinsu suka faɗa a gaban shaidu ai ka samu abin riƙewa.

Sai neman masu sani. Kowa zai ce maka je wajen liman, kuma ka je ɗin, amma mutumin da ya fi kowa sanin makabarta shi ne mai haƙa. A ƙauyen kakana wani tsoho ne Bazabarme da idonsa ya fara rauni, ɗansa ne ke haƙa yanzu. Da na tambaye shi a zaure bai iya gaya min komai ba sai Allah ya jiƙan musulmi, amma da muka riƙe hannunsa muka shiga da shi bayan la'asar, ya taka wani dutse ja da ƙafarsa sai ya tsaya cak yace nan layin Mosawa ya fara, can gaba inda ƙasa ta yi laushi yara ne, kuma kada a sake haƙa ta bakin rafi don ruwa na tsattsafowa tun ba a kai ƙugu ba. Ya dinga kiran suna yana nuni da sanda, wane mai goro, wane mahauci, matar wane da ta rasu wajen haihuwa, ni kuma hannuna har rawa yake wajen rubutu. Don haka kada ka wadatu da hirar zaure, in tsoho na iya tafiya ka kai shi wajen, ƙafarsa ta fi bakinsa tunawa.

Bayan shi sai iyayenmu mata, musamman masu wankan gawa da tsofaffin da suke girkin sadakar uku da bakwai da arba'in. Su ba su bi gawa makabarta ba, amma su suka san wa ya riga wa, wa ya rasu da azumi, wa aka yi arba'in ɗinsa ranar da aka yi sunan wane. In kai namiji ne ka tafi da yayarka ko innarka ita tayi tambayar. Kuma ka kula da kunya, tsohuwa Bahaushiya ba zata kira maka sunan mijinta ko na ɗan farinta ba ko da sun shekara hamsin a ƙasa, zata ce maigidan nan ko yaron nan, kada ka matsa mata, ka rubuta haka ka tambayi sunan wajen wani daga baya. In hawaye ya zo mata ka kashe wayar kuyi salati ka bari sai wani lokaci. Ka nemi izini kafin ka ɗauki murya, ka fara da faɗin ranar da wajen da wanda ke magana a farkon kowane rikodin, in ba haka ba bayan wata uku zaka samu muryoyi talatin a waya baka san na waye da na waye ba. Kuma kowa ka same shi shi kaɗai tukuna, in ka tara su wuri ɗaya babba na magana sauran sai dai suce haka ne.

Maganar shekaru nan ne mutane ke gajiya su bari, alhali da sauƙi in ka san dabarar. Tsoho ba zai ce maka 1962 ba, zai ce lokacin Nkrumah. Toh sai ka shirya takarda ɗaya ta manyan abubuwan da kowa ya shaida ka riƙa aunawa da su. Annobar mura da ta shigo ƙasar nan a 1918, in ka ga kaburbura da yawa a cushe a tsohon ɓangare ba layi ka tambaya ko labarinta ya zo musu daga iyaye. Dawowar Nana Prempeh na farko daga tsibirin Seshel a 1924 da rasuwarsa a 1931. Husufin ranar da aka yi a watan Mayu 1947 har gari yayi duhu, wannan tsofaffi da yawa suna yara suka gani. 'Yancin kai 1957, shigowar sidi a madadin fam da sule 1965, juyin mulkin da ya kifar da Nkrumah 1966, korar baƙi 1969, rasuwar Prempeh na biyu 1970, ranar da motoci suka koma bin hannun dama a watan Agusta 1974, zuwan Rawlings na farko 1979, yunwa da gobarar daji da ta cinye gonakin koko a 1983 wadda kuma a shekarar ne aka koro 'yan Gana daga Najeriya, rasuwar Otumfuo Opoku Ware na biyu 1999. Sai ka ce, Hajiya, lokacin da ya rasu da sule ake cefane ko da sidi? An riga an kori baƙi ko tukuna? Da tambaya biyu uku zaka matse abin ya dawo tsakanin shekara kaza da kaza, kuma haka zaka rubuta shi, tsakanin 1965 da 1969, kada ka zaɓi shekara ɗaya da kanka don littafi yayi kyau. Abinda aka gaya maka daban, abinda ka gani a takarda daban, kowanne ka sa masa alama.

Ka tambayi gidan tsohon liman ko akwai gafaka ko akwatin littattafai da ya bari. Malaman da suna rubuta haihuwa da rasuwa a bayan bangon Alƙur'ani ko a gefen kundi, da Larabci ko da ajami, wani lokaci layi ɗaya tak, wane ɗan wane ya rasu daren Juma'a ga watan kaza. Magada ba kasafai suke yarda a fita da kundi ba kuma suna da gaskiya, don haka kai ka je, ka wanke hannu ya bushe, ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa ka ɗauki hoton shafi ɗaya bayan ɗaya ba tare da filasha ba, ka mayar da warƙoƙin yadda ka same su don ba su da lambar shafi. Kada a kai laminatin dan Allah, zafin na'urar da robar lalata tsohuwar takarda suke. In shekarar Hijira ce a rubuce, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1389 zai baka 1969, zai iya kaucewa da shekara ɗaya amma ya isa. Karatun ajamin kuma ka nemi malamin makarantar allo a Sabon Zango ko Yalwa ya taya ka, hannun mutanen da ba kowa ke iya bi ba.

Yanzu shiga filin kansa. Ka bari sai hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ciyawa ta bushe. A yi gayya da samarin zango a sare da adda a kwashe waje, ban yarda da cinna wuta a kan kaburbura ba ko da ta fi sauri, kuma a sa takalmin roba mai tsawo saboda maciji. Da shiga ayi sallama ga ma'abota kabari, kada a taka kada a zauna a kai. Ka zo da sassafe ko dab da magariba lokacin da rana ke kwance, a wannan hasken ne zaka ga ɗan lotsawar ƙasa da tsakar rana ba zaka gani ba, don tsohon kabari ba tudu yake zama ba rami-rami yake yi in itacen da aka jera a ciki ya ruɓe. Namu a nan kai na kudu ƙafa na arewa fuska na kallon gabas ta ɗan karkata arewa, saboda haka duk lotsawar da ka ga ta miƙe kudu da arewa tsawon mutum ka sa mata ido. Ka lura da fasasshiyar tukunya da duwatsun da ba na wajen bane da itatuwan da aka dasa da gangan irin su aduruku da darbejiya, a bakin iyaka kuma ka nemi ntome, shukar da Tonawa ke kafawa don raba fili, in ka ganta a jere to ga iyakarka nan tun ta kakanni.

Mutane da yawa suna cewa ai GPS na waya ya isa. Ya isa ya nuna inda makabartar take, ka tsaya a ƙofa ka ɗauki adireshin GhanaPost GPS ka kuma ɗauki kusurwa huɗu, amma wayar hannu tana kaucewa da mita da dama balle a ƙarƙashin itatuwa, kabari da kabari kuwa taku ɗaya ne tsakaninsu. Tef ɗin magina da igiya da turaku su ne kayan aikin. Ka zaɓi abu biyu da ba zasu gusa ba, ba itace ba tunda ka ji abinda ya faru da mangwaron kakana, a kafa ƙaramin ginshiƙin siminti guda biyu a wajen kaburbura, daga su ake auna komai. A ja igiya a raba filin gida-gida, kowane gida a bashi harafi kowane kabari lamba, mutum ɗaya na aunawa ɗaya na zanawa a babbar takarda ɗaya na rubutawa a littafi. A littafin kowane kabari layinsa: lamba, suna da laƙabi, sunan uba, ƙabila ko garin asali, sana'a, lokacin rasuwa, da wanda ya gaya maka. Laƙabin nan kada ka raina shi, Musa da Abdullahi sun yi yawa a zango amma mai lori ko mai tabarma ɗaya ne. Wanda ba a san mai shi ba shi ma a bashi lamba a rubuta ba a sani ba, ai shi ma ɗan wani ne.

Za a yi maka maganar rubutu a kan kabari, wannan kam ka shirya mata. Akwai malaman da suka hana gini da rubutu a kai saboda hadisin da ya zo da hani, akwai masu sassautawa in alama ce kawai don a gane, kuma a zangunanmu ka san yadda irin wannan ke raba masallaci biyu. Ni abinda na ga ya fi zaman lafiya shi ne suna ya zauna a littafi da taswira, a ƙasa kuma dutse kawai a wajen kai, in jama'a sun yarda a sa masa lamba. Ka bar liman da dattawa su yanke, kai marubuci ne.

Takardun hukuma suna taimakawa amma kada ka sa rai da yawa, mutuwar ƙauye a da ba kowacce ake kaiwa rajista ba. Duk da haka ka leƙa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na gundumar, da ofishin tankas, wato duba-gari, a asambilin gunduma don su ke kula da makabartu da takardar izinin biznewa. A nan Kumasi akwai reshen PRAAD, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda ake ajiye tsofaffin fayilolin gwamnati, akwai kuma ma'ajiyar tarihi ta Manhyia, ka je da sunan ƙauyen yadda Turawa suke rubuta shi a da da yadda ake rubutawa yanzu, ka nemi fayil na zango ko na rikicin fili ko na tsabtar gari. Ka je da haƙuri da kuɗin fotokwafi.

Abinda ya fi damuna shi ne filin. Tarihi in ka rubuta shi ka ajiye a durowa bulo na ci gaba da hawa to me aka yi. Da zarar kun gama taswira ku koma wajen Nana tare da Sarkin Zango da asambiliman, wakilin yankin a asambili, a zaga iyaka da ƙafa a gaban kowa, a ɗauko safiyo mai lasisi ya fitar da sayit filan, a nemi takardar alokeshan da sunan al'ummar musulmin garin, ba da sunan mutum ɗaya ba ko da shi ne ya biya, don gobe magadansa na iya cewa gado ne. Daga nan a bi ta sakatariyar filayen gargajiya ta yankin zuwa Hukumar Filaye, dokar filaye ta 2020 ta tanadi waɗannan sakatariyoyi don rubuta irin wannan kyautar ta baka. Kuɗin safiyo da katanga ku buɗe guruf na WhatsApp na jikokin garin, na Kumasi da na Accra da na ƙasashen waje, a tara ta momo a riƙa sanar da ko sidi nawa ya shigo ko nawa ya fita. In katanga ta yi tsada a fara da ginshiƙai da shuka a iyaka. Wanda ya riga ya ci iyaka kuma kada samari su je da zafin kai, ta fada ake bi.

Ba duk abinda kunnenka ya ji zaka rubuta ba. Tsofaffi in hira tayi daɗi zasu gaya maka wanda aka ce asalinsa bawa ne, da wadda ta rasu da cikin da ba a san mai shi ba, da wanda aka zarga da maita. Tonawa da kansu suna da doka tun ta da cewa ba a tona asalin mutum, mu kuma an umarce mu da kame baki daga aibin mamaci. Jikokin mutanen nan suna raye kuna sallah sahu ɗaya. Ka bar shi a cikinka, muryar da aka faɗi irin wannan a ciki kuma kada ta shiga guruf.

In ka gama kayi kwafi uku a ƙalla, ɗaya a masallaci wajen liman, ɗaya wajen Sarkin Zango, ɗaya a birni wajen wanda aka amince da shi, hotuna da muryoyi kuma a sa a imel ko Google Drive a ba mutum biyu lambar sirri, don waya na faɗuwa a ruwa. Littafin masallaci a saya mai bango mai ƙarfi a sa shi a leda cikin akwatin ƙarfe saboda gara da laima, a bar shafuka a gaba, a ɗora wa ladan ko wani ɗalibi nauyin duk wanda aka bizne a rubuta shi a ranar kafin a watse daga zaman makoki. Ranar da za a miƙa littafin a karanta sunayen da ƙarfi bayan sallar Juma'a, zaka ga gyara na fitowa daga bakin mutanen da ka ɗauka ba su san komai ba, ka riƙe biro a hannu.

Namu haka aka yi, kuma a wajen karatun ne wata tsohuwa daga bayan labule ta aiko jikarta tace mai goron nan na Kumasi ba a gindin mangwaro yake ba, mangwaron daga baya ya tsiro, shi yana kusa da ƙanenta ne ta wajen dutsen ja. Muka koma da tsohon mai haƙa washegari ya taka ya taka yace haka ne, na biyu daga dutsen. A taswirarmu gidan B ne lamba 7. Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zan kai Baba, ya riga ya sa an wanke masa farar rigarsa.